Farata Goma a Valparaíso

Daren Lahadi Millaray ta juye kwalin a kan tebur,
faratan roba ashirin da huɗu, ja kamar cikin kankana.
Ta ce, "Mama, miƙo hannu."
Ta goge, ta ɗiga gam, ta danne kowanne
tana ƙirga talatin a ƙasan maƙoshi.
Na dubi yatsun da suka shekara ashirin suna ba da canji,
sai na ji kamar manyan baƙi sun sauka
ban ko share ƙofar gida ba.

Litinin, a rumfar tikiti,
gindin tudun da keken ƙarfe ke hawa yana nishi,
kwandalar peso ɗari ta kwanta a kan katako, ta ƙi tashi.
Na tsokane ta, na lallaɓa ta,
na kora ta har bakin tebur ta faɗo tafina.
Layi ya kai titi.
Mai kwandon kifi ya leƙo, "Yasna, yau biki ake?"
Na ce, "Biya kuɗinka, ka sha kallo kyauta."

Na koma koyon duniya da gefen yatsa.
Saƙon da na tura wa ƙanwata
ya fita da kalmomin da ba mu taɓa haɗuwa ba.
Murfin gwangwani, cokali na wakilta.
Zif ɗin siket, sai da addu'a.
Amma wajen susar ƙeya,
nan kam sun biya kuɗinsu har da riba.

Wuyar aikin, maɓallan Baba.
Shida ne a rigarsa, kowace safiya,
shi da ya ɗaure jiragen ruwa da igiya mai kaurin cinya,
yau ramin maɓalli ya gagare shi,
sunana ma wani lokaci sai ya laluba.
Da, kafin ruwan shayi ya tafasa na gama.
Yanzu shayin ya huce muna kan na huɗu.
Bai yi ƙorafi ba.
Hannuna kawai yake kallo.

Laraba na kwaɓa fulawa.
Da na wanke hannu, tara na gani.
Na tona ƙullun, na leƙa magudanar kwanuka,
na ɗaga kyanwa daga inda take kwance.
Da dare kowa ya ci burodinsa a hankali
kamar mai cin kifi a duhu.

Alhamis ɗaya ya bi igiyar shanya,
iskar teku ta yi gaba da shi.
Wani ya maƙale a hannun jaka, ya tsage biyu.

Juma'a na hau matakala ɗari da sittin zuwa gida,
na tarar da Baba a kujerarsa ta bakin taga,
fitilun tashar jirage sun fara kunnuwa a ƙasa,
hannunsa a dunƙule a kan gwiwa.
Ya buɗe.
Farcen Laraba ne, da ɗan busasshen ƙullu a gefe.
Ya ce, "Eduvigis ta zo. Ta manta wannan."

Shekara goma sha ɗaya da binne ta.
Ni ban taɓa ganin ja a hannun uwata ba,
sabulu da ƙayar kifi na sani.
Ashe akwai wata mace kafin ni in zo,
mai jiran jirgi da jan farce.

Ban gyara masa zance ba.
Na miƙa yatsan da ke tsirara.
Ya ɗora, ya karkace, ya sake ɗorawa,
ya danne da babban yatsansa mai rawa,
babu gam, babu komai,
ya riƙe har keken ƙarshe ya sauka tudu.

Asabar Millaray ta kawo ruwan ɗumi a kwano,
ta ce, "Saura bakwai, sun zama abin dariya, kawo in cire."
Na ce ta bari tukuna.
Gobe da safe akwai maɓalli shida,
kuma ba na sauri.