Baƙon da Ya Hau da Ni Kufena

Shekara arba'in da ɗaya ina Tudun Wada,
ƙafa kan keken ɗinki, ido kan allura.
Kufena na can nesa kamar tukunyar da aka kife,
ban taɓa tambayar abin da ta rufe ba.

Sai ga Hammadikko daga Gembu,
da rigar sanyi a jaka, a watan da kwalta ke narkewa.
Ya ce, "Tela, rufe shago, nuna mini garinku."
Na ce to, da bakin wanda ya sani.

A Ƙofar Doka ya tambayi wanda ya kwaɓa ƙasar ganuwa.
Na yi tari, na nuna masa mai rake.
A Wusasa, gaban tsohon cocin laka,
Iya Tabita ta ba mu ruwa a moɗa.
Ita ke zuba tarihi, ni ina gyaɗa kai
kamar ta riga ni ne a baki.

Da la'asar muka kama dutsen.
Ya dube shi sama da ƙasa, ya ƙyalƙyale:
"A wajenmu wannan ai matashin kai ne.
Can gajimare ke shigo maka ɗaki ba sallama."
Ban tanka ba, numfashina ya tafi taimakon gwiwa.
A rabin hanya takalmina ya tsinke,
ni mai ɗinke wa duniya, da leda na ɗaure.

A sama iska ba ta san kowa ba.
Ga fadamun tumatir, ga rufin kwano
na walƙiya kamar sulalla a faranti,
ga dogon benen jami'a can Samaru,
layin dogo ya ratsa kamar ɗinkin da aka bari sai gobe.
Na nemi shagona. Na goge ido, na sake nema.
Shekara arba'in da ɗaya,
ko girman maɓalli bai kai ba.

Magariba ta yi, masallaci na miƙa wa masallaci kira.
Hammadikko ya daina dariya.
"Namu ya fi tsayi," ya ce,
"amma daga kansa kukan shanu kaɗai ke hawowa."

Da fitilar waya muka sauko.
Ya sayi mangwaro, ya ba ni mafi nuna.

Washegari na buɗe shago a makare,
mai kaftanin biki na jira yana huci.
Na ce, "Yi haƙuri, tafiya na yi."
Ya ce, "Ina?"
Na zura zare a allura, na ce, "Zariya."