Haƙoran Baba

Da asuba a Gangare ruwan kofi har cizo yake yi.
Haƙoran Baba na kwance a ciki,
suna yi wa rufin ɗaki murmushi.
Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Da kunne na fara ganewa:
ƙas, ƙas, duk sanda zai kira sunana,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin nauyin masu gida.
Sai "sannu" ta koma fito,
jikoki su toshe baki su ruga bayan ɗaki.

Da damina mai gasa masara ta kafa murhu a bakin layi.
Mutumin da kan gwaguye uku kafin la'asar
ya ce wai ta bana ba zaƙi.
Tsire ya cika yaji.
Goro sai an goga a magogi.
Kunu da safe, kunu da dare,
zariyar wando na ta ƙara tsawo.

Ranar sunan jikan Malam Shitu
aka ba shi dariya,
na sama suka sauko gaida jama'a.
Ya tare su da sauri.
Tun ranar dariyarsa a tafin hannu take kwana.

Na ce, Baba, mu je asibiti.
Ya daɗe yana juya hularsa.
Ya ce, uwarki ce ta saya mini,
kwasar adashe biyu,
kuɗin dankalin da ta kasa a Farin Gada.
Ita ta tafi. Su suka tsaya taya ni tauna.

Likitar ba ta kai ni shekaru ba.
Ta haska fitila: miki biyu a dasashi,
tsaga a robar kamar silin gashi.
Ta ce, Baba, su ba su ƙara girma ba,
dasashin ne ya zaizaye
kamar tudun kuza da ruwan sama ke ci.
Takalmin da ya yi wa ƙafa yawa ma ciwo yake ji mata.

Bai amsa ba. Ya buɗe baki aka yi awo.

Tsofaffin na cikin adaka yanzu,
naɗe a ɗankwalin Inna.
Masara ta wuce, sai baɗi,
amma jiya na tarar da shi da gyaɗa a aljihu.
Ya ce, sannu da aiki, Asabe,
tsaf, ba ko iska.

Na shiga madafa ina murna,
sai na ji ina kewar fiton.