Shuɗin Farce

Kakana Ɗanlasan marini ne a Ƙofar Mata.
Ko ranar sallah shuɗi bai bar farcensa ba.
Da hannun nan yake ɓare mini gyaɗa,
da shi ya ja kunnena
ranar da na zana jaki da gawayi a bangon zaure.

Goggo Tasalla ba ta ce uffan ba.
Da dare ta miƙo mini tsinken lalle:
"Gwada a tafina. Bango na mutane ne."

Yau ina da shago a hanyar Gidan Zu,
gwangwanayen fenti, buroshi goma sha biyu.
Masu saye kan tambaya:
me ya sa samaniyarka kullum da duhu,
kamar an tsoma ta sau bakwai?

Nakan ce haka ta zo.
Ba na ba su labarin warin toka da baba,
ko amon mabuga da hantsi
da har yanzu yake motsi a wuyan hannuna.

Jiya na gama Dutsen Dala.
Na wanke hannu da sabulu, na sake wankewa.
'Yata ta kama yatsana, ta duba, ta ce:
"Abba, farcenka."