Mai Haƙar Rijiya a Shika

Shekara talatin da ɗaya ina haƙa rijiya,
daga Gyallesu har bayan Wusasa,
ban taɓa tsoron rami ba
sai da ramin ya koma cikina.

Wata bakwai ina zarya tsakanin tabarma da bayi.
Jini, majina, murɗa kamar ana matse wanki.
Aka ce basir ne, na sha jiƙo har harshena ya rine.
Aka ce atuni ne.
Mazagin wandona ya kusa zagaya ni sau biyu.

A Shika, Dakta Zulai ta ce hanji ne ya kumbura,
jiki ke faɗa da kansa
kamar gidan da babba ya rasu.

Ta shafa mini wani abu mai sanyi, mai yauƙin kuɓewa,
ta ɗora ɗan kan na'ura a marata ta dama.
Na ce, me yake yi?
Ta ce, murya yake aikawa ciki, ya jira amsa.
Na yi dariya, cikin ya hukunta ni.
Ai sana'ata ce, likita!
Nakan saki tsakuwa in kasa kunne,
in gaya maka gaba nawa ne kafin ruwa.

Ta juyo mini da allon.
Ga bangon hanjinka, milimita shida,
uku ya kamata.
Ga jini yana ja kamar garwashin da aka hura.
Ta danna, na ce wash, ta ce to nan ne.
Can ƙasa kuwa duhu:
iska ta tare hanya, muryar ba ta wucewa.
Kafin shayin Talatu ya huce a leda mun fito,
kuɗin bai fi na buhun siminti ba.

Ɗayar kuwa, mai maganaɗisu,
sai da tumaki biyu suka bar gidanmu,
sai da na jira sati biyar.
Azumi babu lada,
ruwa gora ɗaya da rabi mai ɗanɗanon haƙuri.
Yero ya ce, akwai ƙarfe a jikinka?
Na ajiye zobe, na ajiye makullin keke.

Rijiya ce aka kwantar da ita.
Ni da nake shiga da ƙafa, da igiya a ƙugu,
yau aka zura ni kamar burodi,
ba diga, ba guga, ba ɗan da'irar sama da zan kalla.
Ƙara kamar maƙeran Tudun Wada sun haɗu a kaina.
Riƙe numfashi. Saki. Riƙe.
Na ƙirga rijiyoyina ɗaya bayan ɗaya,
na kai ta gidan Malam Sambo, wadda ta rufta,
sai na koma salati.

Ita ce ta ga abin da duhu ya ɓoye:
wani lungu da ya ƙuntace,
da 'yar ɓaraka tana neman hanyar da ba tata ba.

A majalisa Ɗanlami ya ce, to wacce ta fi?
Na ce, kai da ba ka taɓa haƙa ko shadda ba.
Wanda bai sauka ba bai san inda bango ya tsage ba,
amma wa ke sauka kullum
don ya ji ko ruwa ya ƙaru?

Ba ta ce zan warke ba.
Ta ce ciwon baƙo ne mai makullin ɗaki,
ya tafi, ya dawo.
Duk wata uku nakan hau mota a Kwangila,
in kwanta, in ɗage riga, a shafa sanyin.
Wancan zuwan, huɗu.

Yanzu Barau ke sauka, ni ina baki riƙe da igiya.
Yakan kira daga ƙasa, Baba, danshi!
Nakan yi shiru tukuna,
in ji yadda muryar ta hau.