Kujera Huɗu

Shekara biyu da wata bakwai
ina goga kati a bakin na'ura.
Baƙin mai, batir, birki, fitilar gaba,
duk kayan shagona na Suame
ta cikin ɗan fallen nan suka wuce.
Kafin wata ya mutu na biya,
ko fesuwa ban bari ta kwana ba
don kada ruwa ya hau kan kuɗin.
Malam Tanko ya ja mini kunne tun farko.

Maki suke kiran abin.
Ba ya sayen albasa,
ba ka jin nauyinsa a aljihu.
Rahinatu ta ce, "Kai dai yi ta tara iska."
Na ce to, ai iskar za mu hau.

Daren Laraba bayan isha'i,
fanka na juyi kamar an yi mata dole,
na ajiye waya a tsakiyar tabarma
muka kewaye ta kamar kwanon tuwo.
Kumasi zuwa Akra.
Ankara, in ji Mma,
ita takarda ba ta sauya mata sunan gari.
Na latsa, na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Kujera huɗu.
Mu biyar ne.

Mubarik ya dubi Fuseina,
Fuseina ta dubi yatsun ƙafarta.
Mma ta ce, "Ku bar ni da ƙasa,
ita ta san tafiyata."
Amma na san ta.
Shekara arba'in tana shanya a Aboabo,
duk jirgin da ya gifta
sai hannunta ya tsaya a kan igiya,
zane na ɗiga mata a gwiwar hannu
har sai ƙarar ta ɓace.

Ni na bi motar dare daga Asafo.
Maƙwabcina na minshari a kafaɗata,
buhun doyar wani ya danne mini ƙafa.
A Nkoko dutse ya tsaya baƙi ƙirin,
a Nsawam na sayi burodi ta taga,
mai tallar ta gudu da canjina, na yafe.
Awa shida.
Na yi asuba a tasha da ruwan leda,
na sha koko a tsaye,
na je filin jirgi na jingina da ƙarfe
cikin masu riƙe da alluna,
ni ba allo, sai burodi.

Su minti arba'in.
Ƙofar gilashi ta buɗe da kanta,
ga Mma a gaba, mayafi ya karkace,
tana taku kamar mai dawowa daga Hajji.
Na ce, "Mma, yaya sama?"
Ta ce, "Na ga rufinmu.
Tanimu, kwanon nan ya yi tsatsa,
ka canza shi kafin damina."
Sai ta kama hannuna ta matse,
ba ta ƙara komai ba.

Fuseina ta zaro biskit daga safa,
wanda aka raba musu can sama,
ya farfashe, ya ɗumama.
"Rabonka ne, Baba."
Na ci a wurin, har garin,
ina kallon wani gefe.

Da la'asar a bakin teku
Rahinatu ta tattare zane zuwa ƙauri,
igiyar ruwa ta zo ta lashe sawunta.
Ta ce, ba tare da ta juyo ba,
"Iskar nan taka, saura nawa?"
Na duba.
Ɗari da goma sha biyu.
Ko ɗaga ƙafa ba za su yi ba.
Ta ce, "To ran Litinin ka buɗe shago da wuri."