Gindin Jarka

Ran Laraba Usta Mirgani ya ɗaure noti na ƙarshe,
ya goge hannu da tsumman da ya fi hannun baƙi,
ya ce wa Alhaji Haliru, "Janaretanka ya warke.
In ya yi ko tari kafin Babbar Sallah, zo ka kama ni."
Aka ƙirga masa kuɗi sau biyu a bakin ruwan Suwakin.
Ni ne yaron jirgi. Ina tsaye, riƙe da sifana.

Daren Juma'a mun yi nisa, gari ya ɓace a bayanmu,
kifi ya cika firiza har murfi na ƙin rufuwa,
sai janareta ya yi atishawa sau uku,
ya yi shiru irin na wanda aka faɗa wa rasuwa.
Fitila ta mutu.
Muka ja igiya har tafin hannu ya saluɓe,
ko uffan.
Sama kamar an zubar da gero a baƙar tabarma,
ƙasa ruwan da ba a sha.

Wuni guda muka yi a hanyar dawowa,
rana na dafa abin da muka kama.
Wari ya riga mu isa gaɓa.
Kyanwoyin garin nan, da ba su san ƙin tayi ba,
suka shinshina, suka juya.

Alhaji bai ko wanke gishirin fuskarsa ba
ya tsaya a ƙofar gareji:
"Gyara na biya ka, ko jana'iza?"
Usta ya ajiye kofin gahawa a hankali.
"Na canja fanfon mai, na wanke nozul, na sa sabon bel.
Abin da hannuna ya taɓa, na ɗauka.
Teku kuwa ba yarona ba ne, ban aike shi ba."
"Da lafiyarsa na kawo shi, ɗan tari ne kawai!"
"Mai lafiya ba ya zuwa wurina, Alhaji."

Mutane suka taru, kowa da injinsa a baki.
Wani ya ce kayan jabu ne.
Wani ya ce tsufa, ai ko raƙumi yana durƙusawa.
Sarkin masunta ya shafa gemu ya ce a raba asara biyu,
don gobe ma ruwa ɗaya za a shiga.
Usta ya zura hannu cikin jallabiya,
ya ciro abin da ya rage, ya ce sauran sai wata ya kama.
Bai rantse ba. Da ya rantse, da na fi samun barci.

Domin ran Alhamis ni aka aika sayen dizal.
Ban je gidan mai ba.
Bayan kasuwa na bi, wurin mai araha,
canjin ya zama takalmin da ke ƙafata yanzu.
Da nake juyewa a tanki na gani,
can a gindin jarka,
wasu ƙwayoyi farare suna mirgina kamar carbi ya tsinke.
Na san ruwa in na gan shi. Ni ɗan masunta ne.
Na rufe tanki.

Jiya na wuce ta gareji, kaina ƙasa.
Usta ya kira ni, ya zuba mini gahawa mai citta,
ya dubi ƙafata ya ce, "Sabo ne? Allah ya sa a kashe lafiya."
Na ce amin.
Tun daga lokacin yake matsa mini yatsa.