Babi Na Tara

Shekara uku littafin nan na kwana gefen tabarmata
a Yelwa, ɗakin da ke duban Kwara.
Ya sha biro goma sha ɗaya, ya cinye batirin tocila,
ya yi ƙiba irin ta ragon da aka manta da shi a turke.
Ranar da na rubuta "Tammat" har turare na sa.
Ashe ranar aiki ya fara.

Na kai shi rumfar Hajo mai banda,
wadda ba ta san bihim ba a boko
amma kunnenta ya fi jan biro kaifi.
Ina karantawa, tana juya tarwaɗa,
hayaƙi na ratsa tsakanin jimloli.

A shafi na arba'in ta ce, "Tsaya.
Wane ne wannan da ya kwana biyu bai ci ba
yake zuba kamar mai tallan magani?
Mai yunwa gajeren baki gare shi."
Na soke layi ashirin.
Na bar masa: "Akwai saura?"

A na saba'in ta ce, "Ruwan nan naka ƙarya ne.
Ka cika shi a watan da yake ja da baya
don kawai kana son jirgi ya kife."
Na koma gida na janye kogi da hannuna,
na nemo wa jirgin wata hanyar nutsewa:
ƙusa ɗaya da maƙeri ya ha'inta.

Sai babi na tara.
Nomau mai fito, da haƙorin Makka da gurguwar gora.
Duk cikin mutanen da na ƙaga shi na fi so,
tarin mahaifina ma shi na ba.
Hajo ta saurara har ƙarshe ba ta tanka ba,
sannan ta ce, "Ya yi daɗi. To ina za shi?
Ya tsallakar da kowa,
labari na nan bakin gaɓa yana jira."

Kwana shida ina neman belinsa.
Na kai shi babi na huɗu, ya tsaya kamar ƙaya a maƙogwaro.
Na rage shi, ya zama kowa.
Daren Alhamis, bayan an ɗauke wuta,
na zare shafi goma sha bakwai a hankali,
yadda ake cire ƙugiya daga bakin kifin da za a saki.
Littafin ya yi ajiyar zuciya.
Ni ban yi ba.

Takardun na ba Hajo ta naɗe kifi.

Bayan sati uku wani direban Kontagora
ya tsaya a rumfar, takarda a hannunsa duk ta sha mai:
"Iya, ranar nan rabin mutum kika naɗe mini.
Nomau ɗin nan, ya kai matar tsallake kuwa?
Ina sauran?"

Sauran na Zuru. Sauran na Jega.
Wani shafin ƙila akuya ta karanta.

Yanzu babi na takwas ya kama hannun na goma,
ba mai ganin ɗinkin sai ni.
Littafin ya rame, yana tafiya da ƙafarsa.
Amma da asuba, kafin ladan,
nakan ji gora na taɓa ƙasan ruwa,
sai tari, sau biyu, irin wanda na sani.
Yana nan yana fito,
ba da izinina ba.